Takardun ECOWAS da buhun albasa: a ina gizo ke saƙar?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masanan cikinmu su warware mana. Hedikwatar ECOWAS tana nan Abuja, majalisar dokokinta tana nan, kotunta ma tana nan. Tun 1975 aka kafa ƙungiyar a Legas. A 1979 aka sa hannu cewa ɗan yankin zai shiga kowace ƙasa ba biza ya yi kwana 90, a shekarar ce kuma aka fito da tsarin ETLS na ɗauke haraji daga kayan da aka samar a cikin yankin. To amma albasar da ke sauka a Mararraba, ko ragon da ke isowa Dei-Dei daga ƙetaren iyaka, in ka tambayi mai shi abin da ya kashe a hanya sai ka riƙe baki. Shin laifin rubutun ne, ko na masu aiki da shi? Kuma mai ƙaramin jari, wanda kayansa duka ba su wuce buhu goma ba, ina rabonsa a ciki? A yi mana bayani dalla-dalla don Allah, ban da zagin gwamnati zalla.

Alhajin Dei-Dei:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ETLS ɗin, don da yawa sunansa kawai suke ji.

Kaya iri uku tsarin ya rufe. Akwai amfanin gona da dabbobi da ba a sarrafa ba: gero, wake, albasa, citta, shanu, kifi. Akwai aikin hannu: tabarma, takalmin dukawa, saƙa, ƙira. Sai kayan masana'anta, waɗanda aka shigo da su tsarin a 1990. Iri biyun farko ba sa buƙatar takardar shaidar asalin kaya, kuma ba harajin shigowa a kansu. Abin da doka ta nema shi ne takardar lafiya: ta tsirrai daga hukumar killace kayan gona, ta dabbobi daga likitan gwamnati. Shi ke nan.

Kayan masana'anta ne ke da doguwar hanya. Kamfani zai kai takardunsa gaban kwamitin amincewa na ƙasa, wanda a Najeriya yake ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Za a je a duba masana'antar, a duba lissafin abin da ake kashewa, a ba kamfanin lamba, a ba kowane samfurin kaya tasa lambar daban, sannan a sanar da hukumar ECOWAS ta sanar da sauran ƙasashe. Kayan zai ci sunan ɗan gida ta ɗaya daga hanyoyi uku: ko dai aƙalla kashi 60 cikin 100 na ɗanyen kayan daga yankin suke, ko sarrafawar ta sauya shi har ya koma wani rukuni a littafin kwastam, ko darajar da aka ƙara masa a nan ta kai kashi 30 na farashinsa a bakin masana'anta. Wanda ya shigo da shinkafar Thailand ya juye ta a sabon buhu bai sarrafa komai ba. Abin da aka ƙera a yankunan da aka yafe wa haraji shi ma ba ya shiga. Takardar shaidar kuma wata shida take yi, kuma kowane lodi da tasa.

Ɗan Autan Zaure:
Alhaji, ran ka ya daɗe, in albasa ba haraji, to kuɗin me ake karɓa a hanya? Ko duk na goro ne?

Alhajin Dei-Dei:
Ba duka ba ne, ɗana. Abin da ETLS ya ɗauke harajin shigowa ne kawai. Harajin cikin gida irin VAT yana nan ga kayan da ya hau kansu. Kuɗin duba lafiyar kaya yana nan. Sai na jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiyar direbobi, na 'yan kamasho, na kasuwa. Waɗannan wasunsu da rasit. Sai kuma wanda ba rasit, a shingayen da ke tsakanin iyaka da gari. Mai kayan gwari shi ya fi shan wuya a nan, don jami'in ya san tumatir ko ɗanyen barkono ba ya jure kwana biyu a rana. Mai siminti zai iya kafewa ya ce sai an nuna masa doka. Mai tumatir in ya kafe, kayansa ne za su narke.

Barista:
Akwai wata ƙofa da Alhaji bai taɓo ba, kuma ta fi shingen hanya girma. Yarjejeniya ta ce a cire haraji, amma kowace ƙasa ta riƙe al'adar hana shiga ko hana fita gaba ɗaya, ta hanyar sanarwa ta kwana ɗaya.

Najeriya tana da jerin kayan da aka haramta fitarwa: masara na ciki, katako, ɗanyar fata da ƙirgi, da tsofaffin ƙarafa. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, a farkon 2017 aka hana motoci. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Hujjar gwamnati ba ƙarya ba ce: shinkafar waje tana sauka a Kwatano fiye da abin da mutanen Benin ke ci, kowa ya san inda ragowar ke nufa. Amma don a kama mai fasa-ƙwaurin shinkafa sai aka haɗa da mai dabino da mai kanwa da kamfanin da ke riƙe da takardar ETLS ta halal. A Nuwambar 2019 aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya sha wannan ukubar ba ɗan sumoga ba ne, manomin rani ne a Illela da ke neman galan biyu ya tayar da injin ban-ruwa.

Ba mu kaɗai ke yi ba. Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, ta ware Mali da Burkina Faso kawai, sannan ta hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Kowa in ya ji yunwa ko tsada a gida, yarjejeniya ce abu na farko da yake jinginewa.

Maman Sadiq:
Ni inda Baban Hanifa ya ƙare tambayarsa nan nake so mu koma, don an fara tafiya sama.

Ku ɗauki mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko yajin daddawa ko busasshiyar kuɓewa, tana so ta kai Maraɗi ko Kwanni ta hanyar da doka ta sani. Sai ta yi rajistar kamfani. Sai ta yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya. Sai ta buɗe asusun ajiyar kuɗin waje, ta cike fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP ta banki, ta biya kashi 0.5 na darajar kayan kuɗin duba su, kuma doka ta ce kuɗin cinikin su dawo ta banki cikin kwana 180. In kayan abinci ne da aka sarrafa, ga rajistar NAFDAC. Wannan layin an gina shi ne don mai kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Ita kuwa mai sayen kayanta a hannu zai ba ta kuɗi a kasuwa, wane banki zai shaida?

To me za ta yi? Ta ba yaro mai babur ya bi ta daji, ko ta biya a kan hanya a kau da kai. Daga ranar ta zama mai laifi, ba ta da bakin kai ƙara ko an ƙwace kayan, ko an ci mata mutunci wajen bincike. Kuma ba ta cikin lissafin kowa. Shi ya sa in an tashi faɗin yawan cinikin da ƙasashen yankin ke yi a junansu sai a kawo ɗan ƙaramin adadi, alhali ranar Alhamis ɗaya a Maigatari ta isa ta nuna cewa abin da ba a rubuta ba yana da yawa.

Malamar Tattali:
Hajiya ta kai mu gindin maganar. Kuma maganin ba sabon abu ba ne, an gwada shi a ƙasashen gabashi da kudancin Afirka ƙarƙashin ƙungiyar kasuwancinsu ta COMESA. Tsarin sauƙaƙe ne na ƙananan 'yan kasuwa, ƙafafunsa huɗu. Ƙasashe biyu maƙwabta su zauna su amince da jerin kayan da kowa ya san na gida ne. A sa iyakar daraja, a can dala 2,000 ce kowane lodi. A yi fom ɗaya gajere da ake cikewa a bakin iyaka, ba sai an je babban birni ba. Sannan a ajiye tebur da ma'aikaci wanda aikinsa ya taya mai kaya cikewa, ya kuma karɓi koke.

Abin da ya kamata a ƙara a namu: a liƙa jerin kayan da kuɗin da ake biya a allo babba, da Hausa da Faransanci da ajami, a Jibiya, a Illela, a Maigatari, a Kamba. Rabin abin da ake karɓa a hannun mutane rashin sani ne ke jawo shi. Sai mata masu binciken mata, da rumfa da banɗaki da wurin ajiye kaya. Kuɗin wannan duka bai kai na taron shugabanni ɗaya ba.

Alhajin Dei-Dei:
Malama, ina jin ki, amma kin san halin mutanenmu. Ranar da aka ce lodin da bai kai kaza ba ya wuce da fom ɗaya, ranar babban ɗan kasuwa zai sauke tirela a ƙauyen da ke bayan iyaka, ya raba wa mata arba'in, kowace ta shigo da nata. Da yamma ya tattara a wannan gefen. An sha yin haka da shinkafa a kan babura.

Malamar Tattali:
Za a yi, Alhaji, ban musa ba. Amma duba me zai raba. In jerin ya ƙunshi gero da wake da albasa da tabarma, ai dama ba haraji a kansu, me gwamnati ta rasa in an raba? Shinkafar waje ba ta cikin jerin, ko buhu ɗaya ce. Abin da ke tsare ƙofar shi ne jerin kayan, ba adadin kuɗin ba. Kuma wanda ya wuce ta ƙofa an rubuta sunansa da kayansa, gobe in ana so a san wake nawa ya shigo daga Damagaram akwai inda za a duba. Yanzu babu.

Alhajin Dei-Dei:
Na yarda da rabi. Man gyaɗa fa? Ta yaya jami'i zai bambance wanda aka matsa a Tasawa da man waje da aka juye a jarka? Irin waɗannan sai an bar su a waje tukuna.

Baƙon Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina ta saurare, amma kamar an manta cewa Nijar ba ta cikin ƙungiyar yanzu. Mali da Burkina da Nijar sun sanar da fita a 28 ga Janairun 2024, fitar ta tabbata a 29 ga Janairun 2025. Sun kafa tasu ƙungiyar ta ƙasashen Sahel, AES, sun fito da fasfo nasu, kuma a Maris na 2025 suka sa harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shigo musu daga waje. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a ci gaba da barin kayansu ƙarƙashin ETLS, har sai an sanar da wani abu daban. Ma'ana abin da a da haƙƙi ne yanzu ya zama alfarma, ana iya janye ta da sanarwa ɗaya.

Ga mutumin Arewa wannan ya fi komai muhimmanci. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Borno. Mutumin Legas hanyarsa Kwatano da Lome da Accra, duk suna ciki. Mutumin Kano da Katsina da Sakkwato kasuwarsa ta waje ita ce wadda ta fita.

Amma akwai wata igiya da ba ta tsinke ba: hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, kafin a haifi ECOWAS, ofishinta na Yamai. A ƙarƙashinta aka yi maganar hanyar kasuwanci ta Kano, Katsina, Maraɗi. Tsarin da Malama ta kawo ai dama ƙasa biyu ne ke zama su tsara jerin kayan. Ba ya buƙatar a jira sulhun manya.

Ɗan Autan Zaure:
To ni a ganina in kowa zai rufe ƙofa ranar da ya ga dama, a bar kowa ya ji da kansa mana. Najeriya ce ke zuba kuɗi mafi yawa, me muke samu?

Injiniya:
Auta, akwai abubuwan da ba a iya ji da su a ɗaiɗaice ko an so. Kogin Kwara daga Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya shigo mana ta Kebbi. Kainji da Jebba a kansa suke. Duk wanda ya tare ruwa a sama, injinanmu ne za su ji. Shi ya sa aka yi hukumar kogin mai ƙasashe tara a Yamai, shi ya sa kuma tun shekarun 1970 aka ja layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa. Ba sadaka ba ce, sayarwa ake yi, kuma maƙwabcin da ke samun wuta da sauƙi ba ya gaggawar gina dam.

A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka katse wutar nan a cikin takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 na wutar Nijar daga nan take zuwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma darasin ya riga ya shiga. Duk injiniyan da ke Yamai yanzu lissafinsa shi ne yadda zai daina dogaro da layin da ake iya kashewa saboda siyasa, ko da wutar gida za ta fi tsada. Dam ɗin Kandaji na Nijar da aka daɗe ana jan ƙafa a kansa ya ƙara samun hujja. Ga kuma babban layin kilobolt 330 da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin, a ƙarƙashin kasuwar wutar Afirka ta Yamma. Waya ce mai tsada, ribarta tana ga yarda: mai saye ya biya a kan lokaci, mai sayarwa kada ya kashe.

Haka layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da aka ƙaddamar da aikin gininsa a Fabrairun 2021. Lissafinsa ya ginu a kan cewa kayan Nijar za su bar Kwatano su bi ta Legas. In jirgi zai iso Jibiya ya kwana uku ana buɗe kowane tarago, ɗan kasuwa zai koma kan tirelarsa.

Barista:
Injiniya ya faɗi abin da ya kamata a rubuta a yarjejeniya ba a rubuta ba: wuta da magani da abinci su fita daga cikin abin da takunkumi zai taɓa, kowane irin saɓani aka yi. Wanda aka yi nufin matsa wa bai kwana a duhu ba.

Likitan Dabbobi:
Tunda an ambaci ragon Dei-Dei, bari in kawo ɓangaren kiwo, don nan ne rubutu ya fi kyau aiki ya fi lalacewa.

A 1998 shugabannin ECOWAS suka zartar da ƙa'idar ƙetare iyaka da garke. Makiyayi zai karɓi takardar shaida a ƙasarsu, a rubuta yawan dabbobin da irinsu, rigakafin da aka yi musu, hanyar da zai bi, ƙofar da zai shiga, da inda zai sauka. Kowane dabbobi 50 makiyayi ɗaya, kuma kowane garke aƙalla mutum biyu, masu shekara 18 ko fiye. Da rana ake ƙetarawa, ba da dare ba. Ƙasar da za ta karɓa ita ke faɗin lokacin shiga da na fita, don kada a shigo amfanin gona na tsaye. Garken da ba takarda a killace shi, mai shi ya biya kuɗin.

Inda ya karye: takardar tana nuna burtali da mashaya da makiyaya, amma a ƙasa an nome burtalin, an gina gidaje a kan mashayar. Ofishin da zai ba da takardar yana nesa, wani lokaci ba ma fom ɗin. Sannan gwamnatin tarayya ce ta sa hannu, amma filaye a hannun gwamnoni suke tun dokar mallakar ƙasa ta 1978. Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, Benin ta hana shigowar garken waje a ƙarshen 2019. Makiyayi na riƙe da takardar da jihar da yake tsaye a cikinta ba ta san da ita ba.

Abin da ke ba ni tsoro ba rikicin kaɗai ba ne. Ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki ba sa tsayawa a shinge. In Jigawa ta yi rigakafi a wata kaza, Damagaram ta yi bayan wata huɗu, garken da ya ratsa tsakani ya tsallake duka biyun. Haɗa kalandar rigakafi tsakanin jihohin iyaka da na maƙwabta, da ajiye allurar a sanyi har ta isa ruga, ya fi wata sabuwar sanarwa amfani.

Maman Sadiq:
Dakta, ai haka aka yi da shan-inna, ana yin rigakafin rana ɗaya a ƙasashen tafkin Chadi, har a kan iyaka da tashar mota. Da kowa ya yi nasa lokacin da ba a kai ga nasarar da aka samu a kanta a 2020 ba. Ashe ana iyawa in an so.

Alhajin Dei-Dei:
Sai maganar mota, don kayan ba da ƙafa suke tafiya ba. Direban da zai ƙetare yana buƙatar inshorar yankin, wadda ake kira katin ruwan ƙasa, tun 1982 take. Ita ke biyan wanda aka yi wa ɓarna a wata ƙasa. Matsalarta biyu: na jabu sun yi yawa a tasha, kuma ko na gaske ne biyan diyya yana jan lokaci, ana tsare da mota da direba.

Sai nauyi. Ƙa'idar yankin tan 11.5 ce a kan layin taya guda. Mai mota yana ƙara ƙarfen bodi ya ɗora abin da ya ninka, saboda a lissafinsa kuɗin shinge ɗaya ne ko lodi kaɗan ko mai yawa, kuma sau da yawa wayam zai dawo. Titi kuwa ba daidai da nauyin yake lalacewa ba: in an ninka nauyin layin taya sau biyu, ɓarnar tana kusan ninkawa sau goma sha shida. Titin da aka gina don shekara ashirin sai ya tashi a biyar. In ƙasa ɗaya ta matsa da sikeli maƙwabciyarta ta yi sako-sako, kaya sai su koma tashar jirgin ruwan mai sako-sakon. Shi ya sa kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara.

Ofishin iyaka na haɗin gwiwa da aka buɗe a Seme a 2018, dabararsa ita ce jami'an ƙasa biyu su zauna wuri ɗaya a duba kaya sau ɗaya. Gini ba ya yin wannan shi kaɗai, sai kwamfutocin kwastam biyun suna magana da juna. A iyakokin Arewa ko ginin ma ba mu kai ba.

Malamar Tattali:
Kuɗi kuma, Auta zai tambayi Eco, kuɗin bai-ɗaya da ake shirin yi wa yankin. An sa mata ranaku da yawa ana ɗagawa, ta baya-bayan nan 2027. Sharuɗɗan a bayyane suke: hauhawar farashi kada ta wuce kashi 5, giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 na arzikin ƙasa, bashin da babban banki ke ba gwamnati kada ya wuce kashi 10 na harajin bara, ajiyar kuɗin waje ta isa sayayyar wata uku. Najeriya da Gana sun sha faɗuwa a na farko. Sefa kuma a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, naira tana yawo. Wanda ya ba da bashin kaya da naira ga mai biya bayan wata biyu, canji kaɗai na iya cinye ribarsa.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka, da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022: ka biya da naira, a karɓa da sidin Gana, ba sai an bi ta dala ba. Amma ta banki yake bi. Ɗan canjin Jibiya yana gama wannan da kiran waya ɗaya, a kan amana, ba fom. Sai ranar da tsarin ya sauko kan wayar hannu da wakilan POS na kasuwa, da caji ƙasa da na ɗan canji, zai taɓa Hajiya da mutanenta.

Baƙon Maraɗi:
Kuma a koya wa ma'aikacin teburin lissafinmu. In Bamaraɗiya ta ce dala ashirin, sefa ɗari take nufi, ba kuɗin Amurka ba. Jika kuma dubu. Kada a rubuta mata harajin da zai sa ta suma.

Ɗan Autan Zaure:
Barista, in an tare kayana ba bisa ƙa'ida ba, kotun da ke nan Abuja za ta saurare ni?

Barista:
Da ƙyar, in a matsayin ɗan kasuwa ka je. An gwada. Da Najeriya ta rufe iyakarta da Benin a 2003, wani ɗan kasuwa, Olajide Afolabi, ya kai ƙara, kotun ta ce a 2004 ƙasashe ne kawai ke da ikon shigar da ƙara a gabanta. A 2005 aka gyara, aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofa, amma ta take haƙƙin ɗan Adam. Ta nan Hadijatou Mani ta yi nasara a kan Nijar a 2008 a shari'ar bauta, kuma ba a buƙatar ka gama da kotunan ƙasarku kafin ka je. In an tsare ka ko an ƙwace dukiyarka kana iya bi ta wannan ƙofar. In kuwa kukanka shi ne an karya ETLS, sai dai gwamnatinka ko hukumar ƙungiyar ta kai ƙarar, kuma gwamnatoci ba sa kai juna, don kowa na da kashi a gindinsa.

Haka maganar zama da kafa sana'a. Yarjejeniyar 1979 mataki uku ce: shiga, zama, kafa kasuwanci. Na farko ne ya kama sosai. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan sayar da kaya a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da zai yi fatauci ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, a kanta aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi. Mu ma ba mu da bakin magana sosai, korar baƙi da muka yi a 1983 ba ta yi nisa ba.

Auta, kuɗin da ka ce ana zubawa, harajin kashi 0.5 ne kan duk kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Ba daga aljihun gwamnati yake fita ba, yana cikin farashin wayar da ke hannunka.

Baban Hanifa:
Madalla. Alhaji, taƙaita wa wanda zai ɗauki citta ko barkono busasshe, kamar buhu talatin, daga nan zuwa Maraɗi ta Jibiya. Me zai riƙe?

Alhajin Dei-Dei:
Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Takardar lafiyar tsirrai, a karɓe ta kafin a ɗaure lodi, don sai an ga kayan. Rasit ɗin saye mai nuna yawan buhu da nauyi, kwafi uku, ɗaya da Faransanci in da hali. Direba ya riƙe katin inshorar yankin da takardun mota na asali. Kayan su bushe sosai, citta mai danshi tana yin fumfuna a ƙarƙashin tampol cikin kwana kaɗan, kuma ita ce hujjar farko da za a riƙe ka da ita. Kada a haɗa masara a lodin ko buhu ɗaya, za ta jawo wa sauran. A isa iyaka da safe a ranar aiki. Kafin a tashi kuma a kira dillali a Ɗan Isa, garin iyaka na gefen Nijar, a ji ko akwai sabuwar sanarwa a makon, daga kowane gefe.

Maman Sadiq:
Buhu talatin, Alhaji. NXP ɗin fa?

Alhajin Dei-Dei:
A doka yana kansa, Hajiya. Shi ya sa masu irin wannan lodin ke haɗuwa su biyar ko shida a ƙarƙashin takardar mai rajista ɗaya, su biya shi kamasho a kan kowane buhu. Sai dai su rubuta yarjejeniya a tsakaninsu da shaidu, don in kaya suka salwanta, a idon kwastam mai takardar ne kaɗai mai kaya.